Awon Kifi a Madarunfa

Kabu-kabu ya sauke ni tun tafki bai gama farkawa ba,
katakon awo a hammata, sikeli cikin buhu,
karne mai shuɗin bango da biro ɗaure da zare.
Baba Tunau ya riga ni bakin ruwa.
Ya dubi katakon, ya dubi takalmana,
ya ce, 'yar lakkal, yau ma kin zo yi wa kifi awon riga?

Birgin farko, gindin bagaruwa:
karfasa goma sha bakwai, kurungu uku,
tarwaɗa ɗaya mai tabo a gefen kai.
Na kwantar da ita, baki jikin ƙusa, wutsiya miƙe.
Santimita talatin da ɗaya.
Ta murɗe, ta shafe mini hannu da yauƙi,
lambar ta jiƙe kafin ta bushe.

Birgi na biyu, wajen mashigar Gulbi,
inda ruwa ke zuwa baƙunta da damina
ya koma tun gero bai shiga rumbu ba:
kawara shida, ƙanana,
tsawon kowace bai wuce ɗan yatsana ba.
Na uku, can tsakiya, ciyawa da kwalbar roba.
Na rubuta sifiri. Shi ma lissafi ne.

Baba Tunau ba ya ƙirga da santimita.
Taƙi gare shi, da kamu, da gaba.
Ya ce shekarar da aka haifi uwata
ya ja giwan ruwa daga nan wajen,
kai a kafaɗarsa, wutsiya na sharar ƙasa,
unguwa biyu suka ci har da na ɗumame.
Na ce, kilo nawa?
Ya yi dariya har gorarsa ta juya bisa ruwa.

Karnena na da gida don suna, gida don tsawo,
gida don nauyi, gida don wurin kamu.
Babu gida don ƙamshin man da ya ce ya cika tukunya,
babu na gaiwa,
wadda ke naɗe cikin laka ƙarƙashin ƙafarmu
tana jiran ruwan baɗi, ba ta san ana ƙidaya ba.

Da hantsi mata suka iso da robobi,
Tsahara na ciniki tun kan kifi na kan katako:
ki yi sauri, rana ba ta jiran biro.
Arba'in da biyu na auna yau.
Bara, rana kamar ta yau, sittin da takwas.
Ban faɗa masa ba. Ya sani,
hannunsa ne ke jan birgin.

Kafin in tafi ya miƙo mini ƙaramar karfasa mai rai,
ya ce, wannan ba ta kai ba, mai da ita.
Na buɗe tafina a kanta yadda yake yi.
Rabin taƙi, da ɗan saura.
Na sake ta, ban rubuta ba.