Kunkuru Ya Matso

Wata biyar masaƙata na jingine a zaure,
gizo-gizo ya karɓi sana'ar, bai biya haya ba.
Na dawo daga asibiti da hannun hagu a cinya
kamar baƙon da ba ya jin Hausa.

Lokotoro ya ce in riƙa matsa ƙwallon roba.
Na ce a ba ni ƙoshiyata,
ita ta san tafina.

Ranar farko sau tara ta faɗi.
Tsahara, ɗiyar ƙanena, ke tsinto ta,
tana kallon bango kada in ga idonta.

Hajiya Laure ta Bagalam
ta ba da jika goma tun kafin azumi,
na gwadon jikarta.
Ba ta aiko ba, ba ta tambaya ba.
Shirun nan ya fi bashin nauyi.

Dā ƙwarya shida nake saukewa kafin la'asar.
Yanzu ɗaya, bakinta a karkace
kamar nawa.
Nomau mai shago ya jujjuya ta,
ya ce na kanti ya fi araha.
Na ce na kanti bai taɓa jinya ba.

Kuɗin magani da kuɗin zare
gwangwani ɗaya suke kwana,
da safe su yi kokawa.
Wata rana zare ke kayarwa.

Jiya, can ƙarshen wadari,
kunkuru ya ja dutsensa, ya matso taki guda.
Na ji gurzarsa a ƙasa har cikin haƙarƙarina.
Tsahara ta ce, Baba, an kira magariba.
Na ce, bari in rufe wannan baƙin layi.