Yis

Shekara goma sha ɗaya ina bakin tanderu,
gidan burodin Alhaji Yunguda, bayan Tashar Dukku,
daga biyun dare har ladan ya yi kira.
Wuta na lasar cinyoyina,
ni kuwa ina ce mata sannu da aiki.

Shekara bakwai Furera na shan ɗaci.
Ta sha saiwa, ta sha sassaƙe, ta sha rubutu,
ta tsuguna kan hayaƙi har idonta ya yi ja.
Duk gidan sunan da ta shiga
sai an kalli zanenta kafin a kalli fuskarta.
Ni ko ruwan ɗumi ba wanda ya ce in kurɓa.

Muka sayar da filin Tumfure
don a haɗa ƙwai a kwalba, a dasa mata.
Kwana goma sha biyu allura na cin cibiyarta,
ba ta ce wash ba, sai dai ta ciji gefen mayafi.
Ƙwai tara aka ciro mata.
Tara! Likita har ya yi murmushi.

Ni aka ba ni 'yar roba mai jan murfi
da ɗaki mai ƙofar da sakatarta ba ta kamawa.
Abin da aka nema a wurina ke nan,
na fito ina sauri kamar wanda ya ci bashi.

Cikin taran, biyu suka kama.
Cikin biyun, ba wanda ya zauna.

Dakta Lamela bai ɗaga murya ba.
Ya juyo mini da allo, ya ce duba.
Na ga talibambam irin na kududdufin Pantami,
sai dai waɗannan yawancinsu kwance suke.
Wani kai biyu, wani bindi a karye,
wani na ta kewaya wuri ɗaya
kamar akuya a turke.
Ya ce ba yawan ruwa ake kirgawa ba,
ana duba nawa ne, nawa ke iyo, nawa ke da siffa.
Ko da mun ɗauki guda mun kai shi har cikin ƙwai,
saƙon da ya ɗauko in ya yage, ya yage.

Ya tambayi aikina. Ya tambayi taba.
Ya tambayi ciwon sanyin da na binne tun ina saurayi,
da jar ƙwayar da muke haɗiya don dare ya yi gajere.
Na amsa ina kallon takalmina.

A Keke har Bolari ba mu ce uffan ba.
Na jira ta ce ka gani?
Sai ta kakkaɓe mini fulawa a kafaɗa.

Inna ce ta yi wuya.
Ta ce a gidanmu namiji ba ya rasa iri.
Na ce Inna, na san kwaɓi.
Fulawa lamba ɗaya, sukari, ruwa daidai,
in yis ya mutu, ko kwana ka yi kana jira
ba zai tashi ba.
Shekara bakwai muna zagin fulawa.
Ta daɗe tana jan carbi,
sannan ta ce a kira mata Furera.

Likita ya ce jiki na sabon zubi duk wata uku.
Ya ce ba alkawari na yi maka ba, Babayo.
Na ce na ji.

Yanzu ina teburin ƙulla leda, nesa da wuta,
rabin albashi, yara na kirana tsoho.
Tabar ƙarshe tana aljihun tsohuwar rigata, ban taɓa ba.
Bayan ƙofa ina ja da gawayi, kullum layi ɗaya.
Yau arba'in da ɗaya.

Jiya na tarar da layin da ba hannuna ba,
ɗan siriri, ya karkace kaɗan,
a ranar da na manta.