Ɗaki Na Sha Bakwai, Naraguta

Nanribet, kai ne a gadon sama,
ni a ƙasa, ina jin kukan katako duk juyin da ka yi.
Zangon farko kai ke tashinmu da asuba
da waƙar coci, murya kamar tsohuwar rediyo,
mu kuma mu jefe ka da silifa.

Zango na biyu waƙar ta ɗauke.
Muka ce mun huta.

Sai ƙananan ledoji suka fara taruwa bayan akwatinka,
da gorar ruwa wadda ba ruwa ne a cikinta ba.
Goskolo. Ka ce maganin sanyin Jos ne.
Muka yi dariya, don sanyin gaskiya ne,
kuma dariya ta fi tambaya araha.

Mamanka na sayar da dankali a Farin Gada,
buhu bayan buhu, ana tara kuɗin rajista.
Ran da aka liƙa sakamako a allo
ka tsaya gabansa har masu shara suka tashi.
In ta kira sai ka gyara murya:
"Lafiya lau, Mama, ana ta karatu."

Ranar Laraba ka ba ni kalkuletarka.
Ka ba Dalyop jar rigar sanyinka,
ka biya mai shayi bashin wata uku,
har ka wanke kwanonka.
Na ce, "Gado ka ci ne?"
Ka ce, "Kaya nake ragewa."

Na kwanta, maganar ta ƙi kwanciya.
Ƙarfe biyun dare na ƙwanƙwasa katakon.
Bakina kamar an ɗora masa dutsen Shere.
"Nanribet, tunanin kashe kanka kake yi?"

Shiru.
Kare na haushi can wajen titin Bauchi.
Sannan ka ce, "E."

Muka zauna a siminti, bargo ɗaya,
kafaɗarka na rawa a jikin tawa.
Ban san abin faɗa ba, sai na zauna kawai.
Da safe na raka ka asibitin makaranta,
muka jira a benci, mu ne na tara a layi.

Yau wata huɗu.
Wani daren har yanzu warin kan dawo,
wani daren mu yi faɗa a kansa.
Kalkuletar dai na mayar maka.

Jiya da asuba na ji ka ɗauko waƙar,
baiti ɗaya, a hankali, ka tsaya.
Silifar na hannuna.
Na ajiye ta, ina jiran na biyu.