Matakala Sittin da Uku

Gidanmu a Valparaíso bisa tudu yake,
matakala sittin da uku daga titi zuwa ƙofa.
Shekara talatin ina hawansu da kwandon kifi a kugu,
ban taɓa ƙirga su ba.
Baltasar ne ya ƙirga,
ranar da asibiti suka sallame ni,
yana goye da ni, yana haki,
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai biyan bashi.

Ɓarin damana ya yi ƙaura ba sallama.
Hannun da ke gyara kifi kafin mai saye ya gama ciniki
ya kwanta a cinyata kamar na wata.
Kalmomi ma suka watse.
In nufi cokali, bakina ya ce jirgi.
Shi kuwa sai ya miƙo, ko gezau:
"Ga jirginki, Leontina, miya na jiran fasinja."

Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa
yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa
ya zauna, harshe a waje, yana koyon kitso.
Na farko ya karkace kamar lungun unguwarmu.
Miyarsa gishiri zalla, shinkafarsa ta kama.
Na yi ta ci don ba ni da bakin ƙorafi,
ranar da bakin ya dawo kuwa, da ita na fara.
"Gi-shi-ri."
"Maimaita!"
Ya rubuta kwanan watan a bangon kicin.

Ximena, mai yi mini gashi, ta ja shi gefe:
"Daina ɗaukarta. Bar ta ta sha wuya."
Wannan ne ya kusa fin ƙarfinsa.
Na ga hannuwansa suna rawa cikin aljihu
sa'ad da nake kokawa da maɓalli ɗaya na rigata
tun shayi na tururi har ya huce.

Wata Laraba na jefe shi da kofi.
Da hagu ne, shi ya sa na kuskure.
Na ce ya tafi, ya nemi mai ƙafa biyu,
na gaji da zama kaya.
Bai ce uffan ba.
Ya share fasassun, ya fita baranda.
Ta taga na jiyo shi yana toshe kuka da tawul.
Da ya dawo, ido jawur, sai cewa ya yi,
"Hagun nan ta yi ƙarfi.
Gobe da dama za ki jefa."

Ya sayo alli.
Duk matakalar da na sauka da ƙafata, ya ja mata layi.
Ruwan Yuni ya wanke, ya sake ja.
Akwai makon da na koma baya,
daga goma sha tara zuwa goma sha ɗaya,
na ƙi abinci, na juya wa bango fuska.
Bai goge layi ko ɗaya ba.
Ya ce suna nan, ba inda za su.

Yau ga ni a ta arba'in.
Daga nan ana jiyo ƙarnin kasuwa,
ana hango tsuntsaye suna rububin hanjin kifi
daidai inda teburina yake a da.
Yana ƙasa da ni da taki ɗaya, yana sauka da baya,
hannuwa a buɗe, bai taɓa ni ba.
Sai yanzu na ji gwiwarsa tana ƙara,
na ga furfurar da bara babu ita.

Saura ashirin da uku.
Ya ce, "Mu koma?"
Na ce, "Huta tukuna, tsoho. Dafa kafaɗata."
Ya dafa.
Ta dama ya dafa, bai lura ba.
Ni kuwa na ji nauyin,
na yi shiru don ya daɗe.