Ina Lasisinki?

Gindin darbejiya, gefen kotun Cediya,
teburina ƙafa uku, ta huɗun bulo.
Jiya takardar da na kai wa lauya ta fito da Tanimu bakanike,
wata biyar a tsare kan batirin da bai ɗauka ba.
Uwarsa ta kawo mini ƙwai shida.

Yau magatakarda: "Malama Kande, ina lasisinki?"
Na ce, "Wane ofis ke bayarwa?"
Ya sosa ƙeya.

Can ga Lawandi da taye,
yana tatsar kuɗin beli,
sunanmu ɗaya a bakin jama'a.

Ku yi mana jarrabawa a Kongo,
a raba aya da tsakuwa.

Kafin nan, ga tsohuwa tafe
riƙe da sammaci a juye.