Bakan Gizon Kududdufi

Ruwa ya ɗauke da hantsi.
Agege ta fito tana yarfe hannu,
danfo na huci a gindin gada,
ni kuwa ina tsugune a bakin rumfa
da janareton mai gidan burodi a warwatse,
kabureta a cinya, sifana a haƙora.

Ɗigo ɗaya ya kuɓuce daga tanki,
ya faɗa kududdufin ƙofar shago,
ruwan da ko akuya ba ta sansana.
Sai ya baje.
Shuɗi ya yi wa ja kewaye,
kore ya biyo sawu,
ga wani shunayya irin na wuyan tantabara
yana rawa bisa ɓawon lemo da tsohon tikiti.

Shekara ashirin da uku ina zubar da mai a nan,
ban taɓa tambaya ba.
Na ɗauka datti ne kawai ya ci ado.

Tasalla, mai bi wa babbar, da ke karatu a Yaba,
ta kawo mini koko a kwano.
Ta tarar ina kallon ƙasa kamar na yar da kuɗi.
Ta tattare siket, ta durƙusa.

"Baba, launin nan ba na man ba ne.
Shimfiɗarsa ta fi ɓawon albasa rashin kauri,
nesa ba kusa ba.
Haske in ya sauko, rabuwa yake yi.
Wani ya juya daga fuskar mai,
wani ya nutsa, ya taɓo ruwa, sannan ya dawo.
A hanyar idonka suke haɗuwa.
In takunsu ya zo ɗaya, launi ya yi ƙarfi.
In wannan na ɗaga ƙafa wancan na saukewa,
sai su kashe juna, shiru.
Kauri ke raba gardama:
nan ja ya tsira, can shuɗi."

Na ce haske ya kashe haske?
Ta ce ƙwarai.
Na sha koko, ban ce komai ba.

Jikan Iya Sikira mai amala
ya saci ruwan sabulun wanke-wanke,
yana hura kumfa da bututun biro.
Tasalla ta kamo ɗaya bisa rigar hannunta.
"Duba samanta, Baba, kada ka ƙifta."
Launuka na zamewa ƙasa kamar ana tuɓe riga,
sai wani baƙin tabo ya buɗe a tsakar ka.
"Nan ya fi ko'ina sirancewa.
In ka ga baƙin, ta kusa."
Kafin ta rufe baki, tus.
Yaron ya ce ita ta fasa masa.

An haife ni a Isale Oja, bayan masallaci.
In na je Zariya biki, ɗan Ikko nake.
In na tsaya tare mota a Oshodi, aboki.
Murya biyu ke fita daga bakina,
ɗaya ta juyo daga kan harshe,
ɗaya sai ta nutsa ta taɓo mahaifina.
Wata rana sukan zo tare,
ciniki ya faɗa, kowa na dariya.
Wata rana in buɗe baki
in ji ba komai.

Ban gaya wa Tasalla wannan ba.
Na ce dai kuɗin makaranta bai faɗi ƙasa banza ba,
ta harare ni, ta ɗauki kwano.

Wani ɗan acaɓa ya ratsa ta tsakiyar ruwan,
ya watsa mini laka har gwiwa.
Na zage shi da Yarbanci.
Kafin in gama goge wando
launukan sun sake taruwa,
shuɗin ya koma gefen kwata.

Mai burodi ya aiko yaro karo na biyu.
Ƙullu ya tashi, ba wuta.
Na mayar da sifana baki.