Haruffa Takwas

Shekara talatin da ɗaya ina ƙarƙashin filin besbol ɗin nan,
a ɗakin da babu taga, ni da keken ɗinkina,
ina jin ihun 'yan kallo ta cikin siminti
kamar ruwan sama a rufin maƙwabci.
Aikina sunaye ne. Ina ɗinka su a bayan riga,
in an yi ciniki kuma, ni ce mai warwarewa.

Anselmo Lantigua ya zo mana da shekara ashirin,
ƙashi da fata, daga wani ƙauyen rake a tsibiri,
bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba.
Ya tsaya a ƙofata yana rawar ɗari,
ya rubuta min sunansa a bayan tikiti
don kada in yi kuskure.
Haruffa takwas, sai da na lanƙwasa su kamar baka
kafin kafaɗarsa ta iya ɗaukewa.

Kafaɗar ta faɗaɗa a hannuna.
Kowace bazara sai na ƙara inci.
Shekara shida yana tsallakar da ƙwallo bisa katanga,
wata har cikin kogin Ohio,
yara na binta da kwalekwalen haya.
Masana'antar ƙarfe ta rufe, gidan gilashi ya bi baya,
amma ran Asabar garin nan yana da abin tunƙaho,
mijina Floyd ya sayar da tsiran alade har ya ƙare,
ya dawo yana waƙa, muryarsa na dishewa.

Sai kwantiragi ya zo ƙarshe.
New York ta aiko mutum da jaka da murmushi,
ta kira kuɗin da ko gadar garinmu ba ta ci ba.
Mista Vandermeer ya fito a talabijin da jajayen idanu,
wai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
wai kujera dubu tara ke kwana babu mai zama,
wai kuɗin talabijin ɗinmu na shekara
su can a wata guda suke tarawa.

Wataƙila gaskiya ne.
Ni dai na ga sabon jirgin ruwansa a mashigi,
ban iya lissafin manya ba.
Abin da na sani, mu ke shuka, mu ke ban ruwa,
mu ke korar tsuntsu,
ran girbi sai a ga baƙuwar mota a bakin gona.
Kura da shan bugu, gardi da karɓewa.

Ban ga laifinsa ba, kada wani ya ce na gani.
Gwiwa ba ta shekara ashirin a wannan wasa,
kuma yana da uwa da ƙanne bakwai.
Ya sauko ɗakina daren ƙarshe, ya sunkuya don kada ya bugi ƙofa,
ya ce, Bernadine, a can inji ke manna lamba,
ba sa ma sa suna a rigar gida.
Na ce, to ka riƙe naka da kyau.
Ya rungume ni, ƙanshin ciyawa da gumi,
na juya ga keke don kada ya ga ina sharewa.

Jikana Wendell ya cire hotonsa daga bango,
da safe na tarar ya mayar, a karkace.

Yau da reza na bi ɗinkin, zare bayan zare,
na zuba haruffan a gwangwanin biskit.
Da la'asar aka turo wani yaro daga ƙaramar ƙungiya,
kunnuwa fato-fato, wai shi Dewey Gatlin.
Na zazzage gwangwanin a tebur, na jera:
G, A, T, L, I, N, duk suna nan, ko ɗaya ban yanka sabo ba.
Biyu suka rage, U da A, suna kallona.

Yaron ya ce, Madam, ki ɗinka da ƙarfi, na zo zama.
Na ce masa to.
Na zura zare, na sassauta keken kaɗan,
yadda ba zai ba ni wuya ba ranar cirewa.